Takardar Mallakar Ƙirƙira Ba Shaidar Inganci Ba Ce

Uwargida mai juna biyu, idan mai talla ya kawo miki magani ko na'ura, ya ce kayansa na da takardar mallakar ƙirƙira daga ƙasar waje, kada hakan ya ruɗe ki.

A shekarar 1965, hukuma a Amurka ta ba wasu ma'aurata, George da Charlotte Blonsky, irin wannan takarda. Abin da suka ƙirƙiro wani gado ne da za a ɗaure mai naƙuda a kai, inji ya riƙa juya shi da gudu, wai ƙarfin juyin zai fizgo jaririn ya faɗa cikin raga. Wannan gado bai taɓa zama hanyar karɓar haihuwa a asibiti ba.

Ofishin da ke ba da takardar yana duba ko abin sabo ne, amma ba ya gwada shi a jikin mutane. Amfanin takardar shi ne hana wasu kwaikwayonsa.

Don haka, ki duba lambar NAFDAC a jikin kowane magani. Ko da akwai lambar, kada ki sha ko ki ɗaura komai a ciki sai kin nuna wa likita ko ungozoma ranar awo. Maigida, kai ma ka kula.