Yadda Ake Maido da Kwamfuta Idan Sashen Gyaranta Ya Ɓace

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga ofisoshin hakimai, har ga shi a cikinta magatakarda ke ajiye wasiƙun da ake aika wa majalisar Sarki, da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, da bayanin sulhun da aka yi a kan gonaki da filaye. Saboda haka ya kamata Hakimi da malamansa su san abin yi ran da ta ƙi tashi.

Faifan da ke cikin kwamfuta a rarrabe yake sassa-sassa, kamar gida da ɗakunansa. Babban sashe shi ne mazaunin Windows da takardun ofis. Akwai kuma wani ƙarami, ɓoyayye, wanda ake kira sashen gyara, watau inda aka tanadi kayan da kwamfuta za ta gyara kanta da su. Yakan ɓace idan wani mai gyara ya share faifan dukansa, ko ya sake rabon sassan, ko kuwa faifan ya mutu aka sa sabo. Mutane da yawa sun ɗauka sashen nan shi ne ajiyarsu. Ba haka ba ne. Babu takardar ofis ko ɗaya a cikinsa, kuma a faifai ɗaya yake da sauran, kamar irin shuka da aka zuba a rumbun hatsin ci: gobarar da ta ci wannan ita za ta ci wancan. Ajiya ta gaskiya ita ce wadda aka kwafe a wani faifai na dabam, aka kulle a akwati.

Kafin a taɓa kome, sai magatakarda ya duba ranar da aka yi ajiyar ƙarshe. Duk abin da aka rubuta bayan ranar nan ba ya cikinta. In tsohon faifan yana da sauran rai, lalle ne a fara kwashe waɗannan sababbin takardu, ko da sai an cire faifan an haɗa shi da wata kwamfuta. A nan ne aka fi yin hasara, gama mai gaggawa yakan maido da ajiyar watan jiya a kan aikin makon nan, ya shafe shi da hannunsa. In kuwa faifan a kulle yake da BitLocker, ba zai buɗu ba sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi akan same shi a asusun Microsoft na wanda ya fara shirya kwamfutar.

Sa'an nan a nemi abin da zai tsaya a madadin sashen da ya ɓace. A sami filashi wanda bai gaza gigabait 8 ba, da wata kwamfuta mai lafiya da intanet, a ɗauko manhajar nan ta Microsoft mai suna Media Creation Tool, ita za ta zuba Windows a filashin. Kyauta ce, amma fa za ta share duk abin da ke cikin filashin. A soka shi a kwamfutar da ta lalace, a kunna, a yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP. Aikin yakan ɗauki lokaci, don haka a cika batir, a tabbata akwai wuta ko janareta, domin in ta mutu ana tsakiyar aiki sai an koma farko.

Daga nan hanya biyu ce, gwargwadon irin ajiyar da ke hannu.

In ajiyar ta faifai sukutum ce, watau wadda ta kwafe Windows da manhajoji da takardu gaba ɗaya, irin wadda ake yi da kayan ajiyar da ya zo da Windows 7 a 2009, to aiki ya yi sauƙi. A haɗa faifan ajiya, a ƙyale maganar girka Windows, a zaɓi gyaran kwamfuta, sa'an nan maidowa daga ajiyar faifai. Jakar da ake kira WindowsImageBackup dole ta kasance a bakin faifan, ba a cusa ta cikin wata jaka ba, ba a kuma sake mata suna ba, in ba haka ba kwamfuta za ta ce ba ta ga kome ba, alhali kuwa ajiyar tana nan lafiya. Sabon faifai kuma kada ya gaza tsohon girma. In an gama, kwamfuta za ta koma daidai yadda take ran da aka yi ajiyar, har da aibinta in tana da shi a ranar.

In kuwa takardu kaɗai aka kwafe, ko da hannu ko da File History wadda ta fito da Windows 8 a 2012, to sai an girka Windows sabuwa tukuna. Ita da kanta za ta gina sabon sashen gyara. Maganar lasisi ba abin damuwa ba ce ga kwamfutar da aka sayo da Windows ta halal, gama tun daga Windows 8 masu ƙera su suna ɗora lambar a jikin na'urar, da ta hau intanet za ta gane kanta. Abin da ba ya dawowa shi ne manhajojin da kamfani ya zuba don sauti da allo da intanet. Waɗannan sai a ɗauko su daga wurin kamfanin, da lambar da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar. Bayan haka a girka manhajojin ofis, a maido da takardu. A tuna kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka in na'urar za ta iya ɗaukar Windows 11, gara a sa ta.

Kada Hakimi ya karɓi aikin don kurum allo ya haska. Magatakarda ya buɗe takardu a gabansa, tsofaffi da na kusa, a gwada su da littafin shigar wasiƙu, a rubuta waɗanda suka ɓace domin a nemo kwafensu daga inda aka aika su. Faifan ajiya kuwa kada a share kome a cikinsa sai an yi sabuwar ajiya a wani faifan, an kuma buɗe ta an ga tana karantuwa.