Darasin Sana'a: Fentin Mota Mai Kiliya da Marar Kiliya

A Babban Mutum da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Ɓaure, mota jari ce. Ita ke kai hatsi da awaki kasuwa, ita ke ɗaukar fasinja zuwa Daura ko Ɓaɓura, wani lokaci ma ta tsallaka iyaka zuwa Magarya. Fenti kuwa shi ne rigar da ke kare wannan jari daga tsatsa. Idan fenti ya mutu, ruwa zai sami ƙarfe, daga nan sai a shiga ɗawainiyar walda da ciko.

Sau da yawa idan mutum ya kai motarsa wurin mai fenti akan tambaye shi, "Alhaji, da kiliya za a yi ko babu?" Da yake bai san bambancin ba, sai ya ce a yi mai kyau, ko kuma ya zaɓi wanda ya fi araha. Darasin wannan wata zai bayyana abin da ke cikin wannan tambaya.

Ko wane iri za a yi, farkon aikin ɗaya ne. Za a buge lotsawa, a cike ramuka, a goge da samfefa, sannan a fesa fentin ƙasa wanda ke riƙe ƙarfe. Daga nan ne hanya ta rabu biyu.

Iri na farko shi ne fenti mai hawa ɗaya, watau marar kiliya. Launi da sheƙi duk suna cikin gwangwani guda. Ana fesa shi sau biyu ko uku, ya bushe, aiki ya ƙare. Na dā, wanda ake kira selulos, tina kawai ake zuba masa, yana saurin bushewa amma ba ya jure rana. Na zamani ana haɗa shi da hadina, wani sinadari da ke sa fenti ya ƙame ya yi tauri. Masu fenti da yawa a Nijeriya suna kiran wannan Autocryl, sunan wani fenti na kamfanin Sikkens.

Iri na biyu hawa biyu ne. Za a fara fesa launi, wanda suke kira Autobase, shi kuma idan ya bushe ba shi da sheƙi ko kaɗan. Sai a bi shi da kiliya, wani ruwa garai-garai marar launi, mai kama da gilashi. Kiliyar ce ke ƙyalli, ita ce kuma ke tare zafin rana kada ya ci launin da ke ƙarƙashi.

Mai hawa ɗaya shi ne tsohon hannu. Da irinsa aka saba ganin motocin Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Kiliya ta bazu a kamfanonin Turai da Amurka da Japan a shekarun 1980, shi ya sa kusan duk motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko Legas yanzu da kiliya take zuwa.

Yaya mutum zai gane irin da ke jikin motarsa? Abu ne mai sauƙi. Ya sami farin ƙyalle da ɗan man goge fenti, ya murza wani wuri ɓoyayye, kamar cikin ƙofa. Idan ƙyallen ya ɗauko launin motar, marar kiliya ce. Idan bai ɗauko komai ba sai datti, akwai kiliya.

Babban abin lura shi ne yadda kowanne ke tsufa, domin ran da aka fito da mota daga gareji duk kyau gare su. Rana ce alƙali, kuma a wannan yanki zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Fenti marar kiliya a hankali yake dusashewa. Samansa kan yi fari-fari kamar an barbaɗa alli, ja ne ma ya fi saurin yin haka. Amma da yake launin ya ratsa har ƙasa, idan aka sa man goge aka murza, mataccen saman zai fita, sheƙi ya dawo. Ana iya yin haka sau da dama kafin fentin ya ƙare.

Kiliya ta fi daɗewa tana ƙyalli, wannan ba musu. Sai dai ran da ta gaji ba ta da magani. Takan fara da fararen tabo a rufi da bonet da but, inda rana ta fi duka, sannan ta riƙa ɓarewa kamar saɓar maciji. Goge ba ya gyara wannan. Dole a kankare wurin gaba ɗaya, a sake launi, a sake kiliya. Kuma ba ta da kauri: wadda kamfani ke yi ba ta kai kaurin takardar littafi ɗaya ba, saboda haka yawan murza ta da man goge ma cinye ta yake yi.

Haka abin yake wajen ƙarce. Motar da ke bin hanyar daji, ƙaya na jan ta, ana ɗora mata buhuna da itace, ba ta rabuwa da rauni. A marar kiliya ana iya taɓa wurin kaɗai. A mai kiliya kuwa, yawanci sai an fesa ƙofar ko gefen duka kafin aikin ya saje.

To, wanne ya kamata a zaɓa? Motar haya, da a-kori-kura, da duk wadda ke kwana a fili, in dai launinta fari ne ko shuɗi ko wani launi tsantsa, marar kiliya mai hadina ya fi dacewa da ita. Kuɗinsa bai kai na ɗayan ba, gyaransa kuma yana da sauƙi. Fari ya fi kowane launi jure rana, ga shi ba ya tona ƙura. Amma launi mai walƙiya, irin ruwan azurfa ko ruwan gwal mai ɗigo-ɗigon ƙarfe a ciki, ba shi da zaɓi sai kiliya, don idan aka goge shi kai tsaye ɗigon zai ɓaci ya yi dabbare-dabbare. Haka nan idan gefe ɗaya za a gyara a motar da ta zo da kiliya, a bi ta da irin nata. Motar gida mai rumfa, wadda mai ita ke da niyyar sayarwa nan gaba, ita ma kiliya za ta ƙara mata daraja.

Mafi munin zaɓi shi ne kiliya mai araha. Akwai masu tsinka ta da tina fiye da kima, ko su rage hadina don gwangwani ya kai mota biyu. Irin wannan takan fara ɓarewa tun mai mota bai huce kuɗin da ya kashe ba. Wanda aljihunsa bai kai kiliya ta ƙwarai ba, gara ya tsaya a marar kiliya mai kyau. Yana da kyau mai mota ya ga gwangwanayen da idonsa tun ba a buɗe ba, ya kuma nemi a nuna masa wata mota da mai fentin ya yi shekara biyu da suka wuce. Ma'aunin haɗi yana rubuce a jikin gwangwani. Da yawa kashi 2 na fenti ne da kashi 1 na hadina, amma abin da kamfani ya rubuta shi za a bi. Ga amfanin iya karatu ke nan, ga mai fenti da mai mota baki ɗaya.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, ta fi kuma fitowa fili a jikin kiliya. Tsakar ranar bazara fenti kan bushe tun bai kwanta ba, sai ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. An fi son a fesa da sassafe, a cikin rumfa mai kariya, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Bayan an gama, kada a shafa man ƙyalli sai an yi kamar wata guda. Kada a share ƙura da busasshen tsumma, a fara kwara ruwa. Kashin tsuntsu kuma a wanke shi nan take, yana cin fenti.

Masu fenti su ma su kula da kansu. Hadina tana ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon asma, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Shan madara bayan aiki, kamar yadda wasu ke yi, ba ya wanke huhu. A nemi takunkumi na musamman da aka yi don fesa fenti, kuma kada a bar yara masu koyon aiki su tsaya cikin hayaƙin.

Wanda zai sauya launin mota gaba ɗaya ya tuna an rubuta launinta a takardunta. Ya je ofishin lasin a gyara kafin ya hau titi, musamman mai bin hanyar iyaka inda ake yawan duba takardu.