Yadda Ake Narka Tsohuwar Dalma a Yi wa Birgi Nauyi

Masuncin Tiga ko Wudil da zai ɗaura wa birginsa dalma ba kasafai yake neman sabuwa ba. Kano yake shigowa, ya bi 'yan gwangwan na Fagge da masu gyaran taya na kewayen kasuwar Sabon Gari, ya tsinci guntayen tsohon bututu, da kawunan batirin mota, da 'yan ƙarafan nan da ake maƙala wa ƙafar mota don ta daidaita. Da kilo ake saye, kuma nan ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, don tutiya da baƙin ƙarfe sun cika tarin.

Tantancewa ita ce rabin aikin. A fara bin tarin da maganaɗisu ya kwashe ƙarfe. Sauran kuma ɗaya bayan ɗaya: a karta da farce, dalma mai kyau takan karɓa, wurin ya yi sheƙi, a goga a takarda, ta bar zane toka-toka. Sai a yar a kan siminti. Dalma faɗuwa take tim ta kwanta, tutiya kuwa sai ta yi ƙara ta yi tsalle. Wanda ya yi gardama a cije shi da filaya, in haƙoran ba su nutse ba a ware shi.

A waje ake hura gawayi, iska na bayan mutum, a ɗora tsohuwar tukunyar ƙarfe, ba ta alminiyam ba. Komai ya bushe ƙamas, har ludayin. Ɗigon ruwa ɗaya ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, sai ta fashe ta watso wa mutum a fuska.

Kada a zuga wuta fiye da kima. Dalma na narkewa a digiri 327, tutiya sai kusan 420, saboda haka guntun da ya ɓuya zai taso sama bai narke ba, a tsame shi. In ya narke a ciki, tukunyar ta yi gudaji, zubi ya ɓaci. A jefa ɗan guntun kyandir a juya, a yaɗe dattin da ya taso, sannan a zuba a busasshen mazubi da ƙusa a tsakiya, don a sami kafar zura igiya.

Cikin batir dai a bar shi; ruwansa na ƙuna, ƙurarsa guba ce. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma a tsakar gida aka yi dakan. Don haka ba a wannan aiki inda yara ke rarrafe, tukunyar ba ta komawa madafi, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa goro.