Darasi: Abincin Dare da Baƙon Dare

Karatu: Luka 11:5-8, Ayyukan Manzanni 16:25-34, Romawa 14:1-6.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda su ke cin tuwo da magariba, akwai kuwa waɗanda ba su sa hannu a akushi sai dare ya yi nisa. Wani lokaci na farkon su kan ce na biyun ba su da tsari, na biyun kuma su ce waɗancan sun ɗauki halin Turawa. Bari mu bincika mu ga ko akwai dalilin zargi.

Lokacin ci ya kan bi yanayin ƙasa da aikin mutane. A Zariya rana ta kan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7 dukan shekara. Da bazara ɗaki ya kan yi zafi, sai a jira iska ta sanyaya a ci a tsakar gida. Da hunturu a kan ci da wuri a shige. A watan azumi maƙwabtanmu Musulmi su kan buɗe baki da faɗuwar rana, su tashi sahur kafin asuba. A London, cikin watan Disamba, rana ta kan faɗi kafin ƙarfe 4, ma'aikata da yawa a Ingila kuwa su kan ci wajen ƙarfe 6. Mutanen Sifen su kan kai ƙarfe 9 ko 10, gama ƙasarsu da zafi, kuma a 1940 aka tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya.

Littafi Mai Tsarki bai kafa mana sa'a ba. Da dare Isra'ilawa suka ci Idin Ƙetarewa, da dare kuma Ubangiji ya kafa Jibinsa. Domin wannan kada mu hukunta juna. Likitoci dai sun gargaɗe mu: wanda ya cika ciki ya kwanta nan da nan, ƙwannafi ya kan tashe shi. Gara a bar sa'a 2 ko 3 kafin a kwanta.

Amma ga abin da ya fi nauyi. A zamanin dā a kan rufe ƙofofin birnin Zariya da dare. Matafiyin da ya iso Ƙofar Kuyambana a makare, sai ya kwana a bayan ganuwa. A waje da wannan ƙofa Wusasa ta ke, inda mishan ta koma a 1929 daga cikin birni. Yau ba mai rufe Ƙofar Kuyambana, amma ƙofofin gidajenmu fa? Mutumin cikin misalin Yesu ya ce ya riga ya kulle, yara sun kwanta. Yarin kurkukun Filibi kuwa, da ya ba da gaskiya, cikin daren nan ya wanke raunukan Bulus da Sila, ya sa musu abinci. Bai ce su jira gari ya waye ba.

Iyayenmu mata su kan rage tuwo a tukunya saboda baƙo. In bai zo ba, ya zama ɗumame da safe, ba a yi hasara ba. Kada mai bi ya kasa wannan.

Tambayoyi:
1. Me ya sa mutanen Sifen su ke ci a makare?
2. Ta yaya bangaskiyar yarin ta bayyana?
3. Kadan ɗan jinya ko matafiyi ya buga ƙofarmu ƙarfe 11, me zai samu?