Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ba Kamfanoni Shawara Zuwa Kafa Kamfanin Intanet

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya: me ya sa masu kafa kamfanonin intanet da dama sukan fito daga kamfanonin ba da shawara ko na zuba jari?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kamfanoni irin su McKinsey da Bain aikinsu shi ne gano inda kasuwancin wasu ke tangarɗa, su nuna mafita. Su kuwa kamfanonin zuba jari, sukan sayi kamfani da kuɗin attajirai haɗe da bashi, su gyara shi, su sayar bayan 'yan shekaru. Duk wanda ya goge a nan ya iya lissafin riba da faɗuwa, ya kuma san ƙofar masu kuɗi.

Ga misali, Faransawa biyu, Sacha Poignonnec da Jeremy Hodara, daga McKinsey suka fito, suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Jumia a Legas a 2012. A 2019 aka fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta New York. A Amurka kuma, Andy Dunn ya yi aiki a Bain da wani kamfanin zuba jari kafin ya kafa Bonobos, mai sayar da wanduna ta intanet, wanda kamfanin Walmart ya saya a 2017.

Sai dai shawara daban, riƙon kamfani daban. Jumia ya daɗe yana tafka asara, kuma a 2022 Faransawan biyu suka sauka daga shugabancinsa.