Karatu a Wudil Ba da Kuɗin Uba Ba

A Wudil, bakin kogi, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano. An buɗe ta a 2001, a 2022 kuma aka sa mata sunan Aliko Dangote. 'Ya'yanmu da yawa suna marmarin shiga. Amma wani mahaifinsa ya rasu, wani kuwa gonar ubansa ba ta ko ciyad da gida. Ƙaƙa irin wannan yaro zai yi? Bari mu duba abu uku.

1. Lissafi tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun bai bar gida ba, yaro ya zauna da takarda ya rubuta kuɗin makaranta, kuɗin ɗaki, abinci, littattafai, da kuɗin mota. Ya tambayi wanda ya riga shi shiga, gama shi ne ya san abin da a ke kashewa. Wanda ya tara kuɗin rajista kaɗai, yunwa za ta kore shi tun zango bai ƙare ba.

2. Rancen gwamnati

Ran 3 ga watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan dokar rancen ɗalibai, hukumar da ta ke riƙe da kuɗin kuwa NELFUND ce. Rancen ba shi da ruwa. Hukumar ta kan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ba ya bi ta hannun yaro. Sa'ad da aka fara, an kuma yanka wa ɗalibi naira 20,000 a wata domin abinci. Ta intanet a ke nema, da lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa, da ta banki.

Amma fa mu lura: rance ne, ba kyauta ba. Shekara 2 bayan hidimar ƙasa za a soma cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa har ya biya duka. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Idan na gaba ya ƙi biya, ƙannensa ya rufe wa ƙofa.

3. Aikin hannu

Rance ba ya isa kome da kome. Saboda haka yaro ya koyi sana'a kafin ya tafi, ko aski, ko ɗinki, ko gyaran waya. Ran Jumma'a kasuwar Wudil ta kan cika da shanu da baƙi daga nesa, mai hannu ba ya rasa abin yi. Lokacin hutu akwai ƙodago a gonaki. Babu kunya a ciki. Sai dai kada sana'a ta cinye karatun da ya kawo shi.

Namu rabo

'Yan'uwa, kada mu ce tun da akwai rance mun huta. Tiya ɗaya ta dawa daga kowane gida bayan kaka za ta riƙe maraya zango guda. Mai sana'a a cikinmu kuma ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa tun yanzu.

Tambayoyi

1. Don me lissafi ya ke zuwa kafin rance?
2. Wa zai sha wahala idan ba a biya rancen ba?
3. Wane yaro ne a unguwarmu ya ci jarrabawa yana zaune a gida? Me za mu yi masa kafin kaka ta wuce?