Yadda Ake Rubuta Labarin Magewayi Ba Tare da An Ci Amanar Tarihi Ba

Duk wanda ya yi niyyar ƙaga labarin magewayi, wato ɗan leƙen asiri, a kan wani zamani da ya shuɗe, to, ya fara da kafa turaku biyu na tarihi waɗanda ba zai taɓa girgiza su ba, sa'an nan ya ɗaure labarinsa a tsakaninsu. Mu mutanen Tsibiri da Maradun da Bakura ba sai mun je nesa neman irin waɗannan turaku ba: ranar 3 ga Fabrairu 1903 Nasara suka ci Kano, ranar 15 ga Maris kuma aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Kwana arba'in ke nan cif, kuma ƙasar Zamfara ce hanyar da ke tsakani.

Bayan haka sai muɗala'a. A nemi wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari, waɗanda Bature Backwell ya fassara ya buga a 1927, a zauna da takardun gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da na Kaduna, kana a durƙusa gaban dattawa a ji ruwayar kakanninsu. A ware kundi biyu, ɗaya na abin da ya inganta, ɗaya na abin da malamai suka yi saɓani a kansa, kamar wasiƙar nan ta 1902 da aka jingina wa Sarkin Musulmi Abdurrahman zuwa ga Gwamna Lugga, wadda marubuci Muffett ya yi shakkar ingancinta. Kundi na biyu shi ne gonar marubuci.

Daga nan a ƙagi magewayin, kuma shawarata kada ya zama sarki ko waziri, domin waɗannan an san inda suka kwana, ga kuma zuriyarsu a raye, ɗora musu abin da ba su aikata ba ƙazafi ne. A ɗauki falke mai jakin kanwa, wanda ya ɗinke wasiƙa cikin laya ya rataya a damtse, a ba shi dalili mai nauyi: wataƙila gidansu na cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu sa'ad da Talata Mafara ta yi bore a farkon sarautar Abdurrahman, wanda ya hau a 1891.

Muhimmin aiki, wanda a nan ne da yawa ke tuntuɓe, shi ne gina zullumi alhali mai karatu ya riga ya san ƙarshen al'amari. Dabarar ita ce a riƙa auna abin da kowane mutum na cikin labarin ya sani a kowace rana, tun da a lokacin labari da ƙafa yake tafiya, ko bisa doki. Sarkin Kano Alu yana kan hanyar komowa daga Sakkwato, inda ya je mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, aka tarye shi a Zamfara da labarin faɗuwar birninsa. Ya rabu da rundunarsa da dare, Wazirinsa Ahmadu ya ci gaba har ya yi shahada a Kwatarkwashi. To, a sa falkenmu ya sauka a zangon Tsibiri da wannan labari a cikinsa, madugu na fasa goro yana tambayarsa lafiyar hanya, wani baƙo kuma a gefen wuta ya ƙura wa layar ido bai ce uffan ba. Mai karatu ya san makomar Sakkwato sarai, amma bai san ko wannan bawan Allah zai ga wayewar gari ba.

Sai tankaɗe da rairaya. A bi kowane shafi a tsince abin da bai dace da zamanin ba: da wuri ake ciniki, ruwan sama ba ya sauka a waɗannan watanni, kogi ya janye ana haye shi da ƙafa, madatsar Bakolori kuwa sai bayan shekara saba'in da 'yan kai aka gina ta. Babbar Sallah ta faɗo 'yan kwanaki kafin Giginya, saboda haka hanyoyi na cike da masu kora raguna, ga kuwa mafaka ga magewayi. Abin da aka karanto amma bai ƙara wa falken hatsari ko sauƙi ba, komai daɗinsa, a mayar da shi kundi, a ajiye wa littafi na gaba.